Lauyan Kashi na Biyu

Dubiyar mara lafiya tana da wa'adi, ko da yake babu wanda zai faɗa maka haka a fuskarka. Lokacin da babur ya kayar da yayana a hanyar Yankwashi, aka dawo mana da shi Kazaure daga asibiti ƙafafunsa ba sa jin ko tsinin allura, zauren gidanmu cika ya yi har wasu na zama a dakalin waje. An zo daga Roni, an zo daga Gwiwa, dangin mahaifiyarmu na Kanya Babba mota guda suka yi. Kowa da ledar lemo da ayaba, kowa kuma ya san wani da ya fi haka jin jiki amma yanzu har ƙwallo yake bugawa. Da tafiya ta yi tafiya, masu zuwa da lemo suka koma masu bugo waya, masu bugo waya suka koma masu aiko gaisuwa a bakin wani. Ban ga laifin kowa ba. Damina ta faɗi, kowa yana da gonarsa.

Yaya kuwa mutum ne da ya fi son mutane a kan abinci. Malamin gona ne kafin haɗarin, kullum yana kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan, kuma ba ya barin gari sai ya samu wanda suka yi musu da shi. Da bakinsa ya ce a sa masa gado a ɗakin zaure, kada a kai shi cikin gida, don masu zuwa su same shi ba sai sun yi sallama sau biyu ba. Sai ga shi masu zuwan sun ƙare, ya rage daga shi sai bango. Na fara shigowa ina samunsa ya juya yana kallon bangon nan, in na yi magana ya amsa da kalma ɗaya. Maganar ƙafafu likita ya riga ya gaya mana matsayinta, mun kuma karɓa. Shirun ne ya ba ni tsoro.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu da na saya a Kano don buga tambayoyin jarrabawa, da yake ni malamin sakandare ne. Wanda ya sayar mini ya bar wani gem a ciki, wato wasan kwamfuta, ban taɓa bi ta kansa ba. Wata rana na ɗora wa Yaya ita a kan matashi, na buɗe masa gem ɗin, don dai ya samu abin kallo wanda ba bango ba.

Gem ɗin na kafa gari ne. Za a ba ka fili fetal da mutane 'yan kaɗan, a ce ka san yadda za ka yi da su. Kai za ka sare daji ka yi gona, ka haƙa rijiya, ka gina rumbu, ka yi kiwo, ka ƙulla ciniki da garuruwan maƙwabta ko ku gwabza. Akwai damina akwai rani, akwai shekarar fari, akwai ta fara. In ka kafa rumbu nesa da gona, hatsi ya lalace a hanya. In mutanenka suka ji yunwa ba sa yi maka zanga-zanga, kayansu kawai suke ɗaurewa su koma garin maƙiyinka. Babu mai yi maka bayanin komai, sai wani rubutun Turanci ƙanana irin na jikin kwalin magani. Garin Yaya na farko yunwa ce ta watsa shi tun bai je ko'ina ba. Malamin gona guda, ga takardar shaidarsa rataye a saman gadon. Ranar na ji muryarsa ta dawo, yana yi wa kwamfuta faɗa.

Abokansa biyu ne ba su daina leƙowa gaba ɗaya ba. Ɗaya Babarbare ne, ɗan kasuwar hatsi a Babura, mai aljihu biyu, na naira daban na sefa daban. Alhaji muke ce masa. Ɗayan Bafulatani ne na wajen Roni, yana noma yana kiwo, muna kiransa Arɗo ko da yake ba ya arɗon kowa. Kamar yadda aka saba tsakanin Barebari da Fulani, ba sa haɗuwa sai kowa ya tuna wa ɗan uwansa cewa bawansa ne. Rannan suka yi kiciɓis a zauren, suka tarar Yaya ya duƙufa ko gaisuwar kirki bai amsa ba. Alhaji ya leƙa ta kafaɗarsa ya tambaya wane marar kan gado ne ya kafa kasuwa a bayan dutse. Arɗo ya leƙa ta ɗaya kafaɗar ya ce to shanun ta ina za su bi su je ruwa. Daga nan suka gyara zama.

Gem ɗin na mutum ɗaya ne. Mu huɗu muka riƙa yinsa, kuma ba na jin akwai inda aka taɓa yinsa yadda muka yi. Yaya ne sarki, maganarsa ce ta ƙarshe. Alhaji aka damƙa wa rumbu da kasuwa, Arɗo dabbobi da rijiyoyi. Ni da yake ni ne ƙarami aka ba ni yaƙi, wato sashen da ba a yarda a taɓa ba, aka haɗa mini da riƙe linzamin kwamfutar. Ba na danna komai sai majalisa ta yanke hukunci. Inda za a haƙa rijiya guda ana iya kai ruwa rana a kansa tun daga la'asar har a kira magariba, a tashi ba a haƙa ba.

Dokokinmu kuwa waɗanda suka ƙera gem ɗin ba su san da su ba. Arɗo ya ƙeƙashe ƙasa sai an bar burtali. A gem ɗin babu wani abu wai shi burtali, shanun ciki sun san hanyarsu ba sa taɓa gonar kowa, amma ya ce shi ba zai zauna a garin da aka cinye hanyar shanu ba, ko da garin na ƙarya ne. Haka muka ware wani dogon zirin ƙasa, mafi kyawun ƙasar da ke taswirar, tun daga ƙofar gari har bakin kogi, ba shuka ba gini. Alhaji kuma ba ya sayar da hatsi da kaka, ba ya sayarwa da rani, jira yake farashi ya ƙara tashi. Ya taɓa kashe mana gari da yunwa alhali rumbuna a cike suke, da aka tuhume shi ya ce mutanen ne ba su da haƙuri. Yaya ya hana kai hari da damina, wai kowa yana gona, ba mutunci ba ne. Maƙwabtanmu na cikin kwamfuta ba su san mutunci ba, da daminar suke zuwa su ƙone mu ƙurmus. In an ci mu kuma ni ake harara, tunda ni ne mai yaƙi.

An ci mu ba adadi. Amma Alhaji ya koma zagayowa ta Kazaure duk lokacin da zai shiga Kano ko zai dawo, Arɗo kuma ya riƙa hawo babur daga Roni ko da hadari ya haɗo. Yaya ya sa aka riƙa kiran wanzami, ya ce a wanke masa hulunansa. Matarsa ta tare ni a tsakar gida ta ce ita ba ta san abin da muke yi da wannan na'ura ba, amma kwanon tuwo yanzu wayam yake dawowa, saboda haka kada mu fasa. A haka muka ci shekara da wani abu, har muka samu wani gari da ya rayu, ya tsallake fari, ya yi ganuwa, burtalinsa na nan a tsakiya kowa na zagaye shi.

Alhaji ne ya zo da labarin an fitar da kashi na biyu na gem ɗin, a wayarsa ya gani. Ya nuna mana tallan, kuma gaskiya ya yi kyau. Ruwan kogi yana ƙyalli, hayaƙi yana tashi daga gidaje, ga wasu fararen shanu masu dogayen ƙaho suna kaɗa jela. Arɗo ya ce a maimaita wajen shanun, aka maimaita, ya ce a sake. Ba a jima ba saƙo ya fito a kan kwamfutar cewa duk mai tsohon za a sabunta masa kyauta, danna nan kawai. Yaya ya sa maganar a gaban majalisa. Tunda muka fara zama ba a taɓa yanke hukunci baki ɗaya ba sai ranar, kuma da muna da hankali wannan kaɗai ya isa ya sa mu tsargu. Na ɗauki kwamfutar na kai shagon wani mai buga takardu inda sabis ya fi ƙarfi, na danna.

Sabon ya hau kan tsohon ya shafe shi, har da garinmu da ganuwarsa. Mai gyara ya duba ya ce babu hanyar komawa, masu abin sun janye tsohon daga ko'ina. Ba mu damu sosai ba a lokacin, ɗokin sabo ya rufe mana ido.

Da muka buɗe, wani ɗan mutum mai murmushi ya fito ya yi mana maraba, ya kira mu Babban Shugaba tun ba mu yi komai ba. Wata kibiya ruwan zinare ta fara tsalle a kan wani wuri. Na tsaya jiran majalisa, ashe kibiyar ba ta yarda a danna ko'ina sai inda take nunawa. Na danna, gona ta fito. Ɗan mutumin ya ce madalla, hikimarmu ta ba shi mamaki. Kibiya ta koma gefe, na danna, gero ya nuna kafin Alhaji ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce a nuna masa rumbu. Babu rumbu. Hatsi ya zama wata lamba a saman allo, tana ta ƙaruwa ita kaɗai. Ya ce to a kai shi kasuwa ya ga farashi. Babu farashi, akwai dai wani koren maɓalli da aka rubuta a sayar. Alhaji, mutumin da ya tashi a gindin buhu, ya daɗe yana kallon maɓallin nan.

Shanun talla suna nan, sun ma fi na tallan kyau. Ba sa cin ciyawa, ba sa shan ruwa, ba sa haihuwa, ba sa mutuwa, jela kawai suke kaɗawa. Arɗo ya ce waɗannan ba shanu ba ne, hoton kalanda ne. Rani da damina an soke su, ƙasa kullum kore shar. Maƙwabtan da muke kwashe yamma muna nazarin halinsu an mayar da su fuskoki, wannan tana murmushi, waccan ta ɗaure. Yaƙin da na daɗe ina roƙon a bar ni in yi ya koma maɓalli guda mai hoton takobi. Na danna, aka ce na ci, ko ƙurar abokan gaba ban gani ba. In kuma kana gaggawar a gama maka gini, sai a nuna maka inda za ka sa katin bankinka. Wannan ɓangaren ne kaɗai na ga alamar an zauna an yi tunani a kansa.

Muka ce bari mu gwada faɗuwa. Muka bar garin ba umarni ko ɗaya, mu uku muka fita masallaci, Yaya ya yi tasa sallar a kan gado. Da muka dawo ya ce mu zo mu gani. An ba mu kofin zinare, wai ladan mulki cikin natsuwa.

Na shiga intanet ina neman ko mu ne ba mu iya ba, sai na tarar duniya guda tana zaman makoki. Mutane a ƙasashen da ko zangarniyar gero ba su taɓa gani ba suna kukan an cire musu rumbu. Masu gem ɗin kuma sun fito sun ce jama'a suka saurara, shi ya sa suka cire abubuwan da ke wahalar da sababbin shiga, yanzu kowa zai iya yi a wayarsa yana jiran mota ta cika. Ban san wace jama'a suka saurara ba, ta zaurenmu dai ba a tuntuɓe ta ba. Abin ya yi mini kamar a gayyace ka cin tsire, don tausayi a miƙo maka wanda an riga an tauna. Wahalar da suka cire ita ce gem ɗin gaba ɗayansa.

Makonnin farko zagi ne ya riƙe mu. Kowa ya zo da sabon abin da ya gano an cire, a taru a tsine. Amma zagin da kowa ya yarda da shi ba ya daɗewa. Alhaji zai ce sun kashe gem, Arɗo ya ce wallahi sun kashe, ni in ce ƙwarai, Yaya ya gyaɗa kai, sai a yi shiru ana jin kukan awakin maƙwabta. Na samo wasu gem ɗin na zamani, duk tafiyarsu ɗaya, kowanne da irin kibiyarsa. Karta Alhaji ya ce ba da girmansa ba. Dara kuma ta mutum biyu ce, Yaya ma ba ya iya sunkuyawa ƙasa. Sannu a hankali Alhaji ya tuna cewa hanyarsa ta Kano ba dole ta Kazaure ta bi ba. Babur ɗin Arɗo ya fara yawan yin faci. Wanzami ya zo, Yaya ya ce ya bari sai wani satin. Na shigo wata rana na same shi ya koma ga bangonsa, na kuwa san inda wannan hanyar take zuwa.

Wani taron suna a unguwarmu ne ya sake haɗa Alhaji da Arɗo. Da aka watse suka biyo su gaisa a tsaitsaye, irin gaisuwar da mutum ke yi yana kallon ƙofa. Alhaji, don dai kada a rabu shiru, ya jefa maganar da aka saba, cewa mutanen nan Allah ya isa, sun kashe gem. Yaya bai gyaɗa kai ba.

"Ni fa da na zauna na yi tunani," in ji shi, "sabon nan ya fi tsohon."

Alhaji ya dube ni ko ni ma na ji. Yaya ya ci gaba, a natse, kamar mai karanta wa'azi. Ya ce tsohon azabtarwa ce kawai muka saba da ita. Ya ce wane sarki ne yake ƙirga buhu da kansa. Ya ce cire rumbu ci gaba ne, ai ba mai kuka sai masu ɓoye hatsi. Ya ce burtali kuwa ɓarnar ƙasa ce tun asali, shanun da ba sa ci ba sa sha su ne irin shanun da ƙasar nan ta daɗe tana nema. Arɗo yana riƙe da makullin babur ɗinsa. Ya mayar da shi aljihu, ya nemi wuri ya zauna.

"Malam, maimaita abin da ka ce a kan burtali."

Ya maimaita, har da ƙari. Suka yi masa ca. Ranar ce na fara ganin Babarbare da Bafulatani a sahu ɗaya, har sun manta wane ne bawan wani. Magariba ce ta raba su, Alhaji yana saka takalmi yana cewa zai dawo da hujja. Ya kuwa dawo. Ya sauke gem ɗin a wayarsa, wai don ya tattara laifuffukansa, ya riƙa zuwa da su ɗaya bayan ɗaya. Babur ɗin Arɗo ya daina yin faci. Yaya ko gezau. In sun matsa masa ya ɗan sassauta har su fara murnar sun ci, gobe su tarar ya koma kan bakansa, ya kuma ƙaro wani sabon abin haushi.

Ni kuwa haushin ya kama ni da gaske. Ina gefensa ranar da muka ga abin da aka yi wa garinmu, na ga yadda fuskarsa ta yi. Na fara tunanin ko doguwar kwanciya ce ta taɓa masa tunani, mutumin da yake hana yaƙi da damina yau shi ne lauyan kibiya mai tsalle. Na fi su Alhaji tayar da jijiyar wuya. Shi kuma ya riƙa ce mini yaro ne ni, ban san daɗin sauƙi ba tukuna.

Wata safiya na zo ɗaga shi zuwa kan kekensa don ya sha hantsi a ƙofar gida. Kwamfutar tana buɗe a gefen gado, kibiya na ta tsalle, ɗan mutumin na ta murmushi. Na rungumo shi ta ƙarƙashin hammata, fuskarsa tana kallon allon ta saman kafaɗata.

"Rufe mini wannan shirmen," ya ce. "Kallonsa tayar mini da zuciya yake."

Na zaunar da shi, na ce, Yaya, ba shi ne ya fi tsohon ba?

"Au, har da kai ka yarda? Tunda nake ban taɓa ganin abin banza irin wannan ba. Sun raina mana hankali." Ya sa hannu ya ɗago ƙafarsa ya daidaita ta a kan matakin keken, sannan ɗayar. "Amma in na ce gaskiyarsu, magana ta ƙare. In magana ta ƙare, me zai taso Alhaji daga Babura? Ni dai ka ga ba zan iya zuwa wurinsu ba."

Ba da muryar neman tausayi ya faɗe ta ba, yadda yake yi wa manomi bayanin taki haka ya faɗe ta. Ni ne na kasa daurewa. Tausayinsa ya cika mini ƙirji, haushin masu gem ɗin kuma ya dawo mini sabo, don sai a lokacin na san iyakar abin da suka cire mana. Na rufe kwamfutar, na tura keken waje.

Tun daga ranar na shiga aikin. A gaban mutane ina nan a ɓangaren su Alhaji, ina zagi da zuciya ɗaya, tunda wannan ba sai na ƙirƙira ba. A bayan fage kuma ni ke nemo wa Yaya abin yabo, kuma aiki ne mai wuya, don gem ɗin bai bar mana wurin kamawa ba. Ya yabi launin ruwan kogi. Ya yabi kiɗan da ake sawa in an ba ka kofi. Ya taɓa kwashe yamma guda yana kare kibiyar, wai ita ce shugabanci nagari, tana nuna wa talaka hanya ba ta wahalar da shi da tunani. In na ga zuwa ya fara ja baya, sai in bugo wa Arɗo in ce ban so in faɗa ba, amma Yaya ya sake taɓa burtali. Ko sun gane ko ba su gane ba, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Alhaji dai mutum ne da yake gane gero mai ƙaiƙayi tun ba a kwance bakin buhu ba.

Kwanan nan Alhaji ya bugo mini ya ce suna hanya shi da Arɗo, wai ya samo hujjar da za ta rufe bakin Yaya har abada. Na shiga zaure na isar da saƙon yadda aka ba ni. Na ga ya ɗan yi jim a kan har abadan nan. Ya ce in ɗaga masa matashi, in shimfiɗa babbar tabarma. Ina cikin shimfiɗawa ya kamo hannun rigata, ya yi ƙasa da murya ko da yake daga ni sai shi.

"Zo nan kafin su iso. Tuna mini, me ma na ce yana burge ni a cikinsa?"